Wa Aka Ba Ƙarfi, Wa Aka Ba Kai? Duba Kan Yadda Turanci Ke Yabon Gwanintar Jiki

Wani dare a gidan kallon ƙwallo da ke Zangon Kumasi, ana wasan Firimiya, wani ɗan tsakiya baƙar fata ya karɓi ƙwallo yana bai wa raga baya, mutum biyu suna danne da shi. Tun kafin ƙwallon ya iso ƙafarsa ya riga ya waiga sau biyu, ya ga inda abokinsa zai bi. Da taɓawa ɗaya ya juya, da ta biyu ya zura ƙwallon ta tsakanin masu tsaron baya. Baturen da ke sharhi ya ɗaga murya ya ce, "What a beast!" Ɗan yayata da ke zaune kusa da ni, lokacin yana da shekara 14, ya taɓa ni ya ce, "Kawu, me ya ce?" Na ce masa, "Cewa ya yi wannan dabba ce." Yaron ya yi shiru, can ya ce, "To ai Kawu, dabba ba ta waiwaye kafin ta ba da fasin."

Wannan magana ta yaro ita ta sa na fara kasa kunne ga kalmomin da Turanci ke amfani da su wajen yabon gwanintar jiki. Abin da na tarar shi ne, Turancin yau ya raba yabon gida biyu. Akwai kalmomin da ke yabon tsoka da huhu da gudu, akwai kuma waɗanda ke yabon tunani da hangen nesa. Rabon kansa ba shi da tushe a cikin abin da jiki ke yi a fili, kuma ba a yin rabon da adalci, domin an daɗe da sanin wa ake miƙa wa wannan kaso, wa ake miƙa wa wancan. Mu da muke jin wannan harshe kullum a rediyo da talabijin, muna kuma fassara shi zuwa Hausa, ya kamata mu san abin da muke ɗauka.

Mu fara daga tushe, domin tsohon Turanci bai san wannan rabo ba. Kalmar "skill", wadda muke fassarawa da gwaninta ko ƙwarewa, ta shigo ne daga harshen mutanen arewacin Turai na da, inda take nufin iya bambance abu da abu, wato fahimta. Kalmar "craft", da yau take nufin sana'ar hannu, da can ƙarfi take nufi, kuma 'yar'uwarta a Jamusanci har gobe ƙarfi take nufi. "Cunning", da yanzu ta zama wayo na yaudara, tushenta ɗaya da "can" da "know", wato iyawa da sani. "Nimble", mai zafin nama, ta fito daga tsohuwar kalmar da ke nufin ɗauka. Hatta "clever", wadda yau ake yabon ɗalibi da ita, a farkon amfaninta mai saurin cafke abu da hannu ake gaya wa, kuma Samuel Johnson a ƙamusunsa na 1755 ya ɗauke ta kalmar kasuwa wadda ba ta dace da rubutu mai daraja ba.

Mai karatu zai ga cewa a duk waɗannan kalmomi hannu da kai tafiya ɗaya suke yi. Bature idan ya gane magana yakan ce ya yi "grasp" ɗinta, wato ya damƙe ta, kamar yadda Bahaushe ke cewa yaro ya kama karatu ko kansa yana ɗauka. Hausa ma tana da kalma ɗaya tilo da ke ɗauke da nauyin duka: iya. Wane ya iya karatu, wane ya iya kokawa, wance ta iya tuwo, wane ya iya magana. Ba mu ware wata kalma ta malami da wata ta ɗan dambe ba.

Akwai wani son kai da tsohon Turanci ya zo da shi tun farko, amma na hannun dama ne a kan na hagu. "Dexterity", ƙwarewar hannu, daga kalmar Latinanci ta hannun dama take. "Adroit" daga Faransanci take, ita ma dama. "Gauche", marar kan gado a cikin mutane, hagu ce a Faransanci, "sinister" mai mugun nufi kuma hagu ce a Latinanci. Wanda ya iya aiki da hannu biyu sai a ce masa "ambidextrous", wato mai hannun dama biyu, wanda bai iya rawa ba kuma a ce yana da "two left feet", ƙafar hagu biyu. A nan ba mu da bakin yi wa Turawa dariya, tunda mu ma muna cewa bahaguwar fahimta, muna kuma tsawata wa yaron da ya miƙo abu da hagu. Na kawo wannan ne don a ga cewa kalmar yabon jiki takan ɓoye hukuncin al'umma a cikinta, har masu furta ta su manta yana nan.

To yaushe kai da jiki suka raba gari a bakin Bature? Babban ɓangare na amsar yana cikin Ingila ta ƙarni na 19, lokacin da aka tsara dokokin yawancin wasannin da duniya ke yi yau. Masu tsara su 'ya'yan manya ne da suka fito daga makarantun kwana masu tsada, kuma sun raba 'yan wasa kashi biyu: mai yi don nishaɗi, da mai yi don kuɗi. A wasan kurket an yi ta buga wasa tsakanin "Gentlemen" da "Players", wato tsakanin masu asali da 'yan wasa, tun daga 1806 har 1962. Ɗakin sauya kayansu daban, a wasu filayen ƙofar shigarsu ma daban. Sai a 1952 Ingila ta yarda ta naɗa Len Hutton, wanda ke karɓar albashi, ya jagoranci ƙungiyarta, bayan dogon zamani ana ganin jagoranci na masu asali ne. Ƙungiyar masu tseren kwalekwale ta hana makanikai da masu sana'ar hannu da leburori shiga gasarta, kuma sai a 1937 aka cire wannan sharaɗi.

Daga wannan zamani ne yabo iri biyu ya fito. Ɗan manya ana yabonsa da "grace" da "style" da "ease", wato yana yin abu cikin natsuwa kamar bai sha wahala ba. Firayim Minista Asquith ya taɓa siffanta 'yan wata kwaleji ta Oxford da "effortless superiority", fifikon da babu gumi a cikinsa. Shi kuwa ɗan talaka sai a kira shi "workhorse", dokin aiki, ko a ce "honest" ne, ko "hard-working". Wanda ya kalli fim ɗin Chariots of Fire na 1981 zai tuna yadda manyan jami'a suka ga baiken Harold Abrahams don ya ɗauki mai horarwa na kuɗi, Sam Mussabini, kafin ya ci tseren mita 100 a gasar Olamfik ta Faris a 1924. A idonsu, mai asali bai kamata a gan shi yana wahalar koyo ba.

Wannan ya kawo mu ga kalmar da ta fi kowace daure kai, wato "natural". Idan aka ce wane "a natural" ne, ana nufin da abin aka haife shi, bai koya ba. A zamanin Shakespeare kuwa, idan aka kira mutum "a natural", wawa ake nufi, wanda aka haifa da taɓin hankali, yana nan yadda halitta ta bar shi. Wannan tsohuwar ma'ana ba ta mutu gaba ɗaya ba. Muddin ɗan manya ake gaya wa, kalmar tana nufin jininsa ne mai kyau. Da 'yan wasa baƙaƙen fata suka fara cin gasa a Amurka da Birtaniya, sai aka juyo da kalmar kansu, ta koma nufin cewa nasarar ba tasu ba ce, jikinsu ne ya yi musu. Kalma ɗaya, ta ɗaga wani ta kuma ƙwace wa wani ladan wahalarsa.

Wani lokaci abin da ke ƙarƙashin kalmar yakan fito fili. A watan Afrilu na 1987, wani babban jami'in ƙungiyar ƙwallon gora ta Los Angeles Dodgers, Al Campanis, ya faɗa a talabijin cewa mai yiwuwa baƙaƙe ba su da abubuwan da ake buƙata don zama manajoji, kuma cikin kwana biyu ya rasa aikinsa. A Janairun 1988 tashar CBS ta kori mai sharhinta Jimmy Snyder bayan ya ce fifikon baƙaƙe a wasanni ya samo asali ne daga yadda masu bayi suka riƙa haɗa su aure don su haifi ƙarfafa. A 2004, bayan wasan Monaco da Chelsea, Ron Atkinson ya zaci an kashe makirfo, ya kira Marcel Desailly malalaci kuma daƙiƙi, ya haɗa da zagin launin fata, ya kuwa bar aikinsa a ITV. Desailly, haifaffen Akra, ya riga ya ci Kofin Duniya da Faransa a 1998, ya kuma ci kofin zakarun Turai da ƙungiyoyi biyu daban. Waɗannan an hukunta su domin sun faɗi abin ƙarara. Abin da ya fi damuna shi ne kalmomin yau da kullum da ba a korar kowa a kansu.

Ɗauki "naive". Ma'anarta marar wayo, wanda bai san duniya ba, kuma ta daɗe tana bin ƙungiyoyin Afirka a bakin masu sharhin Ingila. A 1990 Kamaru ta doke Ajantina mai riƙe da kofi da ci 1 da nema a wasan buɗe gasa, ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe. A wasanta da Ingila tana gaba da ci 2 da 1 saura 'yan mintoci, kafin fenareti biyu na Gary Lineker su juya wasan zuwa 3 da 2. Ƙungiyar Turai da ta yi irin wannan kuskure za a ce ta yi sakaci a ranar. Ta Afirka kuwa sai a ce yarinta ce, kamar kuskuren hali ne na jinsi gaba ɗaya.

Sai kuma tagwayen nan, "pace and power", gudu da ƙarfi. Ranar 19 ga Yuni 2018 Senegal ta doke Foland da ci 2 da 1 a Mosko. Wanda ya kalli wasan ya ga ƙungiya mai tsari, wadda ta toshe hanyoyin da ƙwallo ke bi ya kai ga Robert Lewandowski, ta kuma san lokacin matsawa da lokacin ja da baya. Aliou Cissé ne ya tsara wannan, shi kaɗai ne koci baƙar fata a cikin 32 na gasar. Amma abin da aka yi ta maimaitawa a sharhin Turanci shi ne gudu da ƙarfi, har marubuta da dama suka fito suka yi ƙorafi a kai. Aikin kwanaki na nazari da tsari ya tafi a cikin kalmomi biyu da za a iya gaya wa doki.

Kada a ce ji ne kawai na masu ƙorafi, an ƙirga abin. A 2020 wani kamfanin Denmak mai suna RunRepeat, tare da ƙungiyar ƙwararrun 'yan ƙwallon Ingila, ya fitar da nazarin sharhin Turanci na wasanni 80 daga manyan gasannin Ingila da Sifaniya da Italiya da Faransa. An tattara maganganu 2,073 a kan 'yan wasa 643. Idan ana maganar basira, sama da kashi 62 cikin 100 na yabon ya tafi ga masu hasken fata, sama da kashi 63 cikin 100 na sukar kuma ya sauka kan masu duhun fata. Idan ana maganar ƙarfi, yiwuwar a ce da mai duhun fata ake ta ninka fiye da sau 6, a maganar gudu kuma fiye da sau 3.

Mu dubi 'yan wasa biyu da kowa ya sani. N'Golo Kanté ya ci Firimiya da Leicester a 2016, ya sake ci da Chelsea a 2017. Yabon da ya fi samu shi ne yana da "engine", wato inji, ko a ce huhunsa uku, har da barkwancin cewa ruwa ya rufe yawancin duniya, sauran kuma Kanté ya rufe. A kakar da Leicester ta ci kofi, shi ya fi kowa ƙwace ƙwallo da katse fasin a gasar. Katse fasin kuwa aikin lissafi ne. Sai ka karanta ƙugun mai ƙwallo da idonsa, ka san inda zai aika, ka tashi kafin ya buga, kuma kada ka tashi da wuri har ya canza shawara. Mai gudu ba kai zai gaji a banza ne, ƙwallo na wuce shi. Turanci yana da jimlar da ta dace da wannan, "reads the game", yana karanta wasa, amma inji aka fi jingina masa.

Yaya Touré na Kwaddibuwa ya ci ƙwallo 20 a Firimiya a kakar 2013 zuwa 2014 yana ɗan tsakiya, wasunsu daga bugun tazara da ke buƙatar awo kamar na tela. Ya zama gwarzon Afirka sau 4 a jere, daga 2011 zuwa 2014. Duk da haka "powerhouse" da "beast" su suka fi bin sunansa, kuma shi da kansa ya sha kokawa cewa da ba ɗan Afirka ba ne da an fi girmama shi. Namu Michael Essien ma laƙabin da ya tafi da shi Turai na wani ɓaunan daji ne. Abin dariya a nan, Turancin ƙwallo ya yarda ƙafa ta yi ilimi. Suna cewa wane yana da "cultured left foot" ko "educated left foot", ƙafar hagu mai wayewa, mai ilimi. Harshen da ya iya bai wa ƙafa digiri bai rasa kalmar da zai yabi kan mai ƙafar ba, sai dai idan bai ga dama ba.

Kalmar da ta fi ci mini rai ita ce "raw", ɗanye. Yaro daga Afirka "raw talent" ne, ko "rough diamond", lu'ulu'un da ba a goge ba, kuma ba zai zama "the finished article", kayan da aka gama sarrafawa, ba sai ya ratsa hannun Turai. Duk wanda ya tashi a ƙasar koko ya san wannan harshe. Haka ake maganar kokonmu da gyaɗa da auduga: a nan ake tono su ɗanye, a can ake ba su daraja. Kalmar tana share duk abin da yaron ya koya kafin a gan shi. Mohammed Kudus ya tashi a Nima, ya ratsa makarantar Right to Dream, ya tafi Denmak, ya koma Ajax a 2020, sannan West Ham a 2023. Yadda yake kare ƙwallo da jikinsa a cikin matsi, wanda ya san filayen unguwa masu ƙura da ƙunci, inda yaro ke buga wasa da waɗanda suka girme shi, ya san a wace makaranta ake fara koyon wannan. Makaranta ce ko da ba ta da allo.

Haka ake yi wa masu tseren dogon zango na Kenya da Habasha, a ce "born to run", don gudu aka haife su. Eliud Kipchoge ya yi gudun fanfalaki na kilomita 42 da ɗoriya cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Biyana ranar 12 ga Oktoba 2019. Mutum ne da ya shafe shekaru a sansanin horo na Kaptagat ƙarƙashin koci ɗaya, Patrick Sang, yana rubuta atisayensa a littafi. Tsaunukan ƙasarsu suna da nasu taimako, amma miliyoyin mutane suna zaune a kan tsaunukan nan ba su zama Kipchoge ba.

Na san abin da wani zai ce. Zai ce to ai gaskiya ne, Kanté yana da juriya, Touré ƙato ne, laifi ne a faɗi abin da ido ya gani? Ba laifi ba ne. Matsalar tana wajen abin da aka tsallake. Duk ɗan wasan da ya kai Firimiya yana da ƙarfi yana kuma da kai, in ba haka ba ba zai kai ba. Mai sharhi yana da daƙiƙa biyu, dole ya zaɓi ɗaya ya faɗa, kuma idan zaɓin kullum yana bin launin fata, to al'ada ce ke magana da bakinsa. Yawancinsu ba da mugun nufi suke yi ba, yabo suke ganin suna yi, shi ya sa abin ke da wuyar gyara.

Wani kuma zai ce, mu fa? Kirarin 'yan dambe da 'yan kokawa cike yake da giwa da zaki da ɓauna. Wanda ya saurari waƙoƙin dambe irin na Ɗan Anace, ko ya kalli gasar takobi ta kokawa a Nijar, ya san ba a yabon gwani ba tare da namun daji ba. Wannan gaskiya ne, amma akwai bambanci. A fagen dambe duk wanda ya shiga za a iya kiransa zaki, babu wani rukuni da aka keɓe wa dabba aka keɓe wa wani hankali. Kuma 'yan kallo da ke kiran ɗan kokawa giwa su ne za su zauna bayan wasa suna tattauna dabarar da ya yi kaye da ita, har su tuna wa ya koya masa. Duk da haka gwano ba ya jin warin jikinsa. Mu ma muna da ƙaton banza, muna da ƙarfi ba kai, muna kuma raina mai cin abinci da guminsa. Idan muka fassara "natural" da baiwa, muka ce ai Allah ne Ya ba shi, maganar gaskiya ce, sai dai sau da yawa muna fakewa da ita ne don kada mu ambaci asubancin da yaron ya yi shekara goma yana yi. Allah Ya ba manomi ƙasa da ruwa, amma ba mu taɓa mantawa da ambaton nomansa ba.

Abin da ya sa wannan ya wuce gardamar masu ƙamus shi ne kalmomin suna shiga takarda, takarda kuma tana yanke wa mutum hanya. Shekara biyu bayan daren nan na gidan kallo, ɗan yayata ya je gwaji a wani sansani a Akra. Ya dawo da takarda yana murna, an rubuta masa kalmomi uku: "strong, quick, raw". Yaron nan a tsakiya yake wasa, kuma abin da ya fi iyawa shi ne ganin fili. Kocinsu na unguwa ya karanta takardar, ya mayar da shi gefe, ya ce tunda Turawa gudu suke saye, to ya riƙa gudu. Babu wanda ya zage shi, babu wanda ya yi masa ƙarya. An dai bar rabinsa a waje, shi kuma ya fara yarda cewa rabin da aka rubuta shi ne duka. Yaron da aka saba gaya wa ƙarfi gare shi, da wuya a tuna da shi ranar da ake neman kyaftin, balle ranar da ake neman koci. Ƙarancin masu horarwa baƙaƙe a manyan ƙungiyoyin Turai, alhali 'yan wasa baƙaƙe sun cika fili, yana da dalilai da yawa, amma ban yarda cewa harshe ba ya cikinsu ba.

A cikin Turancin kansa akwai waɗanda suka yi wa wannan rabo tawaye. Masanin falsafa Gilbert Ryle, a littafinsa The Concept of Mind na 1949, ya bambanta sanin cewa abu kaza haka yake da sanin yadda ake yin abu, ya kuma nuna cewa na biyun hankali ne cikakke, ba bawan na farko ba. C. L. R. James ɗan Tirinidad, a Beyond a Boundary na 1963, ya ɗauki wasan kurket a matsayin fasaha da ta cancanci nazari kamar wasan kwaikwayo. Shi ne kuma ya jagoranci fafutukar jarida da ta kai ga naɗa Frank Worrell a 1960, baƙar fata na farko da aka ba jagorancin ƙungiyar kurket ta yankin Karebiyan na dindindin, bayan shekaru ana barin baƙaƙe su ci wasa, farare su yi jagoranci. Dambe ma, da ake gani wasan ƙarfi zalla, Turanci ya daɗe yana kiransa "the sweet science", kimiyya mai daɗi. Ashe kalmomin suna nan, rabonsu ne bai kai ko'ina ba.

Shawarata ga 'yan'uwa marubuta da masu fassara da masu sharhin wasanni da Hausa ba ta da tsawo. Kafin ka ɗauko siffa daga bakin Bature, tambayi kanka me ɗan wasan ya gani, me ya yanke, me ya aikata, sai ka faɗi wannan. A maimakon dodo ne, ka ce ya waiga kafin ƙwallo ya zo. A maimakon inji ne, ka ce ya san inda fasin zai bi. Idan ƙarfi ne ya yi aiki, ka ce ƙarfi ne, ko mai shi fari ne ko baƙi. Muna da dabara, da hikima, da lura, da natsuwa, da zafin nama, da iya, kuma babu ɗaya a cikinsu da ta zo da launin fata a maƙale.

Mutanen Gana sun taɓa nuna yadda ake yi. A Disambar 1984 Azumah Nelson ya je har Fotoriko ya doke Wilfredo Gómez a zagaye na 11, ya ɗauko kambun duniya. Naushinsa yana da nauyi, kuma da an kira shi da sunan wata dabba ba wanda zai yi musu. Amma sunan da ya zauna masa, wanda ake kiransa da shi har yau, shi ne Farfesa, saboda yadda yake nazarin abokin karawarsa zagaye bayan zagaye kafin ya ba shi darasi. Wannan labari na ba ɗan yayata ranar da ya nuna mini takardarsa. Ya saurara, ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce zai roƙi koci ya mayar da shi tsakiya ko da wasa ɗaya ne.